Yadda zaki rage ƙiba kuma kar ta dawo: matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bikin ɗiyar yayata da akayi a Yelwa ban huta da tambaya ba, duk wadda ta shigo shago kawo ɗinki sai tace Maman Ummi me kike sha ne, dan Allah ki faɗa min sunan maganin, wasu ma har gida suke biyoni. Wallahi ba magani bane. Ni tela ce a nan Garwa ta Kamaru, shekara da shekaru ina zaune kan keke daga safe har magariba, nauyina ya kai kilo 84 gwiwa tana ciwo tansiyo, wato awon jini, ya fara hawa, yau shekara uku kenan ina tsakanin 74 da 75 kuma bai koma ba. Toh tunda bakina ya gaji da maimaitawa bari in rubuta komai a jere yadda nayi. Kuma dan Allah ki bi jerin yadda yake, kar ki tsallake ki faɗa kan maganar abinci, can ne kowa yake son farawa kuma can ne ake karyewa. Da mata nake magana amma maigida ma in ya karanta nashi ne.

1. Fara da dalilinki, ki rubuta shi

Na san zaki ce wannan ai ba mataki bane. Shine babba a cikinsu. Ɗan yayata da yake karatu a jami'ar Ngaundere shi ya fassara min aikin wasu malaman jami'a a Lizbon ta ƙasar Fotugal, ƙungiyar Farfesa Pedro Teixeira, su aikinsu kenan binciken abin da yake sa mutum ya ɗore da motsa jiki da riƙe nauyinsa. Sun ɗauki mata masu ƙiba sama da 200 suka yi shekara guda suna koyar da wani kashi daga cikinsu, sannan suka cigaba da bibiyarsu har shekara 3, a 2011 suka fitar da sakamako. Abin da suka gani shine matan da motsa jikin ya zamo son ransu, suna yinshi dan suna jin daɗinshi ko dan sun ga amfaninshi da kansu, sune suka ɗore kuma sune nauyinsu bai dawo ba. Wadda take yi dan an matsa mata ko dan kunya tana iya farawa da zafi amma bata nisa. Aikin nasu ya tsaya ne kan tunanin wasu malamai biyu na Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, da suka ce ɗan Adam yana ɗorewa kan abu in ya samu uku: ya ji shi ya zaɓa, ya ji yana iyawa, ya ji akwai mutane tare dashi. Duk matakan da ke ƙasa a kan ukun nan na ɗora su.

Toh ki samu karne da bik, wato littafin rubutu da biro, shafin farko ki rubuta me yasa. In abin da ya fara zuwa miki shine "maigida yace na cika gida" ko "kishiya ta fini shiga kaya" ko "biki saura wata biyu", rubuta shi ba laifi, amma ki sake tambayar kanki, ni fa me nake so? Ki cigaba da tonowa har ki iso abin da ko ba wanda ya gani zaki so shi. Nawa guda biyu ne, in yi sallah a tsaye da sujada ba tare da na dafa bango ba, kuma kar in bi hanyar mahaifiyata da ciwon sukari ya cinye mata ido kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ranar da na tashi bana son fita tafiyar motsa jiki waɗannan ne suke fitar dani.

Hattara: dalilin biki yana mutuwa ranar biki. Na ga mata da yawa sun rage kilo 5 dan anko, bayan wata uku sun maida 7.

2. Je a duba ki kafin komai

Ki je asibiti ko dispanse na unguwa da safe baki ci komai ba, a auna miki tansiyo da sukarin jini. Farmasi da yawa ma suna yi, kuɗin ba yawa, ni duka biyun basu kai min sefa 2000 ba amma ki tambaya a wajenku. Lambobin da zaki riƙe: tansiyo in ya kai 14/9, wato 140/90, ko sama kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, hawan jini ne. Sukari na mai azumin safe in ya kai giram 1,26 a lita, a sake gwadawa, in ya tabbata ciwon sukari ne. Ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha har allurar tazarar haihuwa ta wata uku, dan tana ƙara wa wasu mata nauyi, amma kar ki bari da kanki sai kun yi shawara.

Hattara: mai ciki ba'a rage ƙiba, tafiya dai tana da kyau in likita ya yarda. Mai shayarwa tayi tafiya amma kar ta yanke abinci da ƙarfi. Wadda take shan maganin sukari ko allurar insulin dole likita ya san zata fara motsa jiki dan sukari yana iya faɗuwa ƙasa. Sannan in kina ramewa ba tare da kin yi komai ba, ga tari ko yawan fitsari da ƙishirwa ko zazzaɓin dare, wannan ba abin murna bane, asibiti zaki.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Ba yawa. Karne da bik, sefa 300 sun isa. Tef ɗin awo irin namu na teloli, 200 ko ƙasa, ko ki aro wajen telarki. Takalmi tenis mai taushin ƙasa, na gwanjo ya isa, nawa na farko jaka 3 na saya a babbar kasuwa, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura kuma ki bar wuri kamar faɗin yatsa a gaba. Safa biyu. Gorar ruwa. Sikeli in da hali, na saya nawa jaka 7, in babu ki dinga aunawa a farmasi ɗaya ko wajen yaran nan masu yawo da sikeli, sai dai ki riƙe guda ɗaya dan kowane da irin ƙaryarshi. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki da hijabi ɗan madaidaici na auduga, ba sai kin sa kayan da zaki ji kunya ba.

Abin da bazaki saya ba: shayin rage ƙiba, bel ɗin ɗaure ciki, man shafawa mai "narka kitse". Na taɓa ba wata mata jaka 15 na shayi, sati biyu ina zawo jiri yana ɗibata a kan keke, sikeli ya sauka kilo 2 na ji daɗi, ina dainawa ya koma dan ruwan jikina ne ya fita ba kitse ba. Yawancinsu maganin zawo ne ko na sa fitsari aka haɗa, kuma suna iya taɓa ƙoda. Haka in kin taɓa shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe ki faɗa wa likita gaskiya, wasunsu ba'a yanke su rana ɗaya.

4. Awon farko da burin da zaki sa

Da safe bayan kin shiga bayi, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, hau sikeli ki rubuta. Auna tsawonki a jikin bango. Auna ƙugu, tef ɗin ya bi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, wajen cibiya kenan ga yawancin mutane, ki saki numfashi kar ki shanye ciki. Mace in ta wuce santimeta 80 namiji 94 haɗari ya fara. Akwai dabara mai sauƙi ma, yanki zare daidai tsawonki, ninka shi biyu, in bai zagaye ƙugunki ba kitsen ciki yayi yawa.

In kina son lissafin da asibiti suke yi, ki raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki a mita. Ni 1,62 sau 1,62 ya bada 2,62, na raba 84 dashi ya bada 32. Hukumar Lafiya ta Duniya tace daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce.

Yanzu buri. Kar kice zan koma yadda nake ina budurwa. Sa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki a wata 6, ga mai kilo 84 kilo 4 zuwa 8 kenan, rabin kilo a sati ya wadatar. Zaki ga kamar kaɗan ne amma wani babban bincike da akayi a Amurka aka fitar a 2002 kan mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon sukari, an sa musu burin rage kashi 7 da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har sun fi waɗanda aka ba ƙwayar maganin sukari ta metformin. Kinga kenan kilo 6 ba wasa bane.

Hattara: hawa sikeli sau uku a rana yana kashe zuciya. Nauyi yana hawa da sauka kilo 1 ko 2 saboda ruwa, gishiri da al'ada. Sau ɗaya a sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ni juma'a da safe.

5. Tafiya, sati shida na farko

Sati biyun farko kar ki canza abincinki ko kaɗan, ci yadda kika saba, tafiya kawai. Dalili shine in kika haɗa yunwa da gajiya a sati ɗaya jikinki zai tsani abin gaba ɗaya, amma in kika fara da abin da kike iyawa zuciya tana samun ƙarfi.

Sati na 1 da na 2: minti 10 zuwa 15, kwana 5. Ko kin ji zaki iya ƙari ki tsaya, ki dawo gida da sauran marmari.
Sati na 3 da na 4: minti 20, ki ɗan ƙara sauri.
Sati na 5 da na 6: minti 30, kwana 5. Kin kai minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya tace shine mafi ƙaranci ga babba a sati, kuma tace in an kai 300 ya fi.

Saurin da ake so shine wanda zaki iya magana da ta kusa dake amma bazaki iya rera waƙa ba. In kina hira kina dariya ba ko haki yawo kike, in kuma kin kasa haɗa kalma uku kin wuce gona da iri. Minti 3 na farko a hankali, na ƙarshe ma haka.

Lokaci a garin nan ba sai an faɗa ba, bayan asuba ne. Watan Maris da Afrilu zafi yana wuce 40, ƙarfe 8 ma rana ta riga ta buɗe, toh ki idar da sallah ki sa takalmi kafin ki koma shimfiɗa, dan in kika ce bari in ɗan kishingiɗa shikenan ranar ta tafi. Ni takalmin a gefen darduma nake ajiye shi tun dare. Wadda safiyarta ta yara ce da abincin lekol tayi bayan la'asar sosai wajen ƙarfe 5. Wuri kuwa ki zaɓi inda ranki yake so, wasu suna zagaya wajen filin wasa na Rumde Ajiya inda aka buga wasu wasannin kofin Afirka a 2022 dan akwai fili kuma akwai mutane, wasu hanyar gadar Binuwai dan iska, ni dai layukan unguwarmu nake bi dan kusa ne kuma kusa shine abin da yake ɗorewa. Wadda bata fita, tsakar gida ya isa wallahi, akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da take zagaya tsakar gidanta tana lazimi da carbi, minti 30 cur, kuma ta rage. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, shara da sauri duk suna shiga lissafi in sun sa ki haki.

Sannan moto, wato babur ɗin haya. Mun saba ko nan da bakin titi sai mun tare mai moto. Ki fara sauka kafin ki iso, ko ki tafi a ƙafa ki dawo a moto in kin yi kaya, kuɗin da ya ragu ki jefa a asusu, nawa ne ya saya min takalmi na biyu. Mai aikin zama irina ta dinga miƙewa duk bayan minti 30 ko awa ɗaya, ni na maida teburin yanka da guga nesa da keke da gangan.

Kowace rana kika fita ki sa alama a karne. Alamar nan kar ki raina ta, ranar da sikeli ya ƙi motsi ita zaki kalla ki ga kin yi kwana 20 cikin wata, ki san kina iyawa.

Hattara: ciwon ƙirji, jiri, numfashi yana yankewa, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, tsaya nan take ki nemi asibiti. Sha ruwa kafin ki fita da bayan kin dawo. Kar ki sa leda ko rigar sanyi dan kiyi gumi, gumi ruwa ne ba kitse ba kuma a zafin nan yana iya kayar dake. Lokacin hunturu mai asma ta rufe hanci ko ta bari ƙura ta lafa. Mai ciwon sukari ta duba tafin ƙafarta kullum bayan tafiya. Mai ciwon gwiwa kar tayi gudu ko tsalle da igiya, tafiya a ƙasa mai laushi ta fi.

6. Nemi abokiya, ki shirya da mutanen gida

Mutum ɗaya ko biyu sun isa, wadda zata ƙwanƙwasa miki ƙofa. Mu mun fara mu biyu yanzu mu bakwai ne, rabinmu 'yan adashi ɗaya. Dokarmu ɗaya ce, ba'a tambayar kowa kilo nawa ta rage kuma wadda ta ɓace sati ba'a yi mata gori, a kira ta a gaisa kawai. Gasa tana korar wadda take baya, kuma ita ce ta fi buƙata.

Maigida ki zauna dashi tun farko ki nuna mishi takardar asibiti, maganar lafiya ce ba ta kwalliya ba, da yawa in sun ga lambar tansiyo da kansu suke cewa a fita, wani ma ya biyo ki. Ku kuma maza dan Allah, in kuna son matanku su rage, gori baya rage ko giram ɗaya, rakiya ce take yi. Kuma masu buga ƙwallon lahadi da safe ku sani in aka tashi daga fili aka zauna kan soya, wato gasasshen nama, da lemo kwalba biyu an maida abin da aka ƙona har da riba.

Sai maganar mutane. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, kina fara faɗawa za'a fara "lafiya kuwa?", "ko maigida ya daina cefane ne", surukata har kuka tayi wai na lalace. Ki tanadi amsa ɗaya gajera mai ladabi ki dinga maimaitawa. Tawa itace "Alhamdulillahi Inna, likita ne yace in rage saboda tansiyo". Ba'a jayayya da likita, magana ta mutu.

7. Abinci, daga sati na 3, abu ɗaya duk sati biyu

Ba wanda zai raba ki da tuwo. Duk tsarin da yace ki bar abincin gidanku ki koma salak da tuffa bazai kai wata ba, ga tsada ga ki dafa tukunya biyu. Abu huɗu zaki taɓa, a jere.

Na farko abin sha. Kwana uku ki rubuta duk abin zaƙi da ya shiga bakinki, shayi kofi nawa da sukari cokali nawa, lemon kwalba, zoɓo, kunu, jinja. Zaki sha mamaki. Gwangwanin lemo na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 8 zuwa 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya wuce wajen giram 50 a yini gaba ɗaya, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Kuma ƙarfin da ke cikin gwangwani ɗayan nan kusan shine abin da tafiyarki ta minti 30 ta ƙona. Shayi kar ki yanke sukarin lokaci ɗaya, in cokali 4 kike sawa koma 3 sati guda, sannan 2, harshe yana sabawa. Zoɓo ki haɗa naki a gida da citta da kanumfari sukari kaɗan. Lemon kwalba ya koma na ranar biki.

Na biyu mai. Mu nan garin man auduga ne da man gyaɗa, muna tuttula shi daga kwalba kai tsaye har sai ya taso saman miya. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori, wato awon ƙarfin da abinci yake ba jiki, wajen 120, kowane irin mai ne, har man shanu. Daina zubawa daga kwalba, auna da cokali ko ludayi ki san nawa kike sawa, sannan ki rage kashi ɗaya cikin uku, ba wanda zai gane a gidan, na gwada. Bayan sati biyu ki ƙara ragewa. Kifin dam ɗin Lagdo a gasa ko a sa a miya maimakon suya kullum. Makala da ƙosai na safe su koma sau biyu a sati, sauran ranakun kunu mara sukari sosai da ƙwai dafaffe, ko ɗumame da miya, ko wake.

Na uku yawan tuwo da shinkafa. In malmala biyu kike ci koma ɗaya da rabi, bayan sati biyu ɗaya, ki cika wurin da miya mai ganye, kuka, yakuwa, tafasa, zogale, kuɓewa, alayyafo, duk muna dasu da araha. A faranti rabi ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Wadda ake ci tare a kwano ɗaya ta ɗebi nata a ƙaramin kwano tun farko, dan a babban kwano ba mai sanin nawa ya ci. Ci a hankali, ki sha ruwa, ki jira kamar minti 20 kafin kice zaki ƙara, sau da yawa zaki ji kin ƙoshi. Tuwon dawa da gero da masakwa sun fi riƙe ciki akan farar shinkafa da burodi.

Na huɗu ɗan taɓe-taɓe: ɗanɗanon miya sau goma, ragowar abincin yara da bakya son a zubar, gyaɗa da cincin a shago. Ragowar yara ki rufe a ajiye musu. Gyaɗa tafin hannu ɗaya. Lokacin mangwaro ki ci ɗaya ko biyu, ba roba guda ba. Mai tansiyo ta rage dunƙulen magi da gishiri, ƙa'ida ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokali ɗaya kenan har da wanda ke cikin magi, daddawa da tafarnuwa da citta suna rufe gurbin.

Hattara: tsallake abinci dan a rage ƙiba yawanci yana ƙarewa da cin na mutum biyu da dare. Ruwan zafi da lemun tsami da safe baya narka kitse, in kina sonshi sha, amma kar ki dogara dashi. Kuma kar ki ɗora wa yara 'yan mata wannan awon, su dai su ci abinci mai kyau su yi wasa.

8. Ƙarfafa jiki, daga wata na 2

Kwana 2 a sati, minti 10, a ɗaki. Tashi-zauna daga kujera sau 10, tura bango da hannu biyu sau 10, ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu sau 10, ki huta ki maimaita zagaye biyu. Amfaninshi in ana ragewa tsoka ma tana tafiya tare da kitse, wannan yake riƙe ta, kuma cinya in tayi ƙarfi gwiwa tana samun sauƙi. Kar ki riƙe numfashi lokacin ɗagawa, musamman mai tansiyo. Barci ma ki bashi haƙƙinshi, awa 7, wadda ta kwana kan waya da safe bata fita kuma yini take tana neman zaƙi.

9. Shirya wa ranar da zaki faɗi

Zaki faɗi, kowa yana faɗi, biki, rasuwa, baƙi, zazzaɓin yaro, ruwan Agusta da yake cika layi da taɓo. Toh tun yanzu ki buɗe shafi ki rubuta "in kaza ya faru, zan yi kaza". In ruwa ya hana fita zan zagaya tsakar gida ko falo minti 15. In zani biki zan ci wani abu a gida kafin in fita, a can faranti ɗaya da ruwa. In nayi baƙi da safe zan fita da yamma. Da yake kin riga kin yanke shawarar tun kina cikin natsuwa, ranar ba sai kin tsaya gardama da zuciyarki ba.

Dokar da ta fi taimakona: kwana ɗaya yana wucewa, amma bana bari ya zama biyu a jere in ba ciwo ba. In kuma ya zama sati ko wata, kamar lokacin rasuwar mahaifiyata da nayi kwana 40 ban fita ba, kar ki koma inda kika tsaya, koma minti 15 ki sake hawowa. Kar kuma ki hukunta kanki da yunwa washegarin biki, ci abincinki na kullum kawai. Wani bincike a jami'ar Landan a 2009 ya nuna sabon hali yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, wasu ƙasa wasu sama da haka sosai, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe musu komai ba.

Azumi: tafiya ta koma bayan tarawi, ko minti 15 a hankali dab da shan ruwa in ba zafi sosai. Buɗa baki da dabino da ruwa, kiyi sallah, sannan abinci, soye-soye kala ɗaya ba huɗu ba. Kar ki bar sahur. Mai ciwon sukari ta ga likita tun kafin watan ya kama. Babbar sallah kuma naman suya ki raba shi kwanaki.

10. In sikeli ya tsaya, da yadda ake riƙewa

Wajen wata na 4 zuwa na 6 zai tsaya, nawa ya tsaya a 78 sati biyar. Ba wani abu ne ya lalace ba, jiki ne da ya ragu yake ƙona ƙasa da da, kuma yawanci ludayin mai da cokalin sukari sun fara komawa yadda suke ba tare da kin lura ba. Ki sake rubuta abincin kwana uku, ki auna ƙugu dan sau da yawa yana raguwa sikeli na tsaye, ki ƙara minti 10 a tafiya ko ki canza hanya zuwa mai ɗan hawa. In tafiyar ta fara gundurarki canza wani abu a cikinta, sabuwar unguwa, karatu ko wa'azi a kunne, rawa a ɗaki da yaranki, duk wanda zaki yi marmarinshi gobe.

In kin kai burin kar ki ajiye takalmi, nan ne yawanci ake komawa. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗori kuma suka riƙe shekara ɗaya ko fiye, mutum sama da 10000 ne a ciki, kuma abin da yawancinsu suka haɗu a kai shine suna karin kumallo, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati, suna motsa jiki wajen awa ɗaya a rana, mafi yawa tafiya ce. Ni yanzu minti 45 nake yi kwana 5, juma'a in hau sikeli, kuma na sa wa kaina iyaka, in na ga 77 sati biyu a jere sai in ɗauko karne in koma mataki na 7 daga abin sha. Kayan da suka yi miki yawa ki kai a rage su daidai jikinki na yanzu, zani da siket ɗin da ya kama ki shi zai fara gaya miki kafin sikeli. Tansiyo da sukari kuma ki koma a sake aunawa bayan wata 3, ki tafi da karnen ki nuna wa likita, in akwai maganin da za'a rage shi zai rage da hannunshi.